Inbatar Da Ta Kusa Cinye Min Ido

A lokacin ina shekarar ƙarshe a makaranta a Azare, ina karatun lantarki, saurayi ne ni mai ji da hannunsa. Gwaggona da ta raine ni tana Bulkachuwa da ciwon suga, allurarta kuma sai a firji take zama. Mun saka mata sola da inbatar kasuwa, wato na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida, amma wutarta mai fizga ce, firjin ya yi ta gurnani har ya ƙone. Sai na ƙudura zan haɗa mata tawa, mai ba da wuta lafiyayya mai santsi irin ta layi.

Na samo 'yar ƙwaƙwalwar lantarki da ake rubuta wa umarni, na tsara mata yadda za ta riƙa kunna taransistoci, 'yan ƙananan makunnan wuta, bi da bi, wutar batir ta fito tana hawa da sauka a hankali. Ranar gwaji da hantsi, ina jona batir na sunkuya ina leƙe, sai ji na yi tau! Taransista ta fashe, wani ɓarɓashinta ya shige min idon hagu. A keke napep aka kai ni asibiti, likita ya ce sai an kwance bandeji za a san ko idon zai gani. Baba ya rantse ba zan ƙara taɓa wayar lantarki a gidansa ba. Gwaggo ce ta zo duba ni, ta ce masa, Alhaji, yaron da ya ji ciwo saboda ni ba za a raba shi da sana'arsa ba.

Ina kwance na gano matsalar: taransistoci biyu ne suka kunnu lokaci guda, don ban bar tazara tsakaninsu a umarnin ba. Da na warke na gyara, na sa fis mai yanke wuta in ta yi yawa, na sa tabarau na kare ido. Inbatar ta tashi shiru, har yau tana aiki a ɗakin Gwaggo.

Idon ya dawo, sai dai dishi-dishi nake gani da shi. Na san aikina, ban kuma fasa ba, amma 'yan uwana masu haɗe-haɗe, kada ku jona batir babu fis, kada ku kai fuska kusa. Taransista na nan a kasuwa. Ido babu mai sayarwa.