Wutar Heber Ta Hau Tudu

Duk wanda tayarsa ta taɓa sacewa a babban titin da ya ratsa garin Paso de los Toros ya san Heber Techera mai faci. Ko bai san fuskarsa ba ya san ƙeyarsa, don kullum a sunkuye za ka same shi kan wani tsohon bahon wanka, yana danna tif ɗin taya cikin ruwa yana jiran kumfa.

Ubansa ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya so yaron ya yi karatu ya zama akawu. Heber ya yi ta zuwa makaranta har ranar da shi da malamin suka daidaita, ba faɗa ba zagi, a kan kowa ya huta. Daga nan ya faɗa shagon faci bai sake fitowa ba. Ya auri Nélida, mai ɗinka fararen rigunan 'yan makaranta, mace mai ƙaramin jiki da manyan sharuɗɗa. Suka haifi 'ya'ya mata biyu, suka aurar, babban birnin ƙasar, Montevideo, ya haɗiye su.

Heber ba mutumin magana ba ne. "Ƙusa ce." "Gobe ka dawo." Hirarsa ke nan ta shekara. Amma in satin hutun Ista ya zo, satin da rabin mazan ƙasar nan ke kwasar tanti da ƙugiya su bazama bakin koguna, sai ya ja ƙofar shago ya danna kwaɗo. Satin da tayoyi suka fi fashewa ke nan, kuma Nélida ba ta taɓa gajiya da tuna masa ba.

Su uku ne tun suna samari: shi, da Tumbi Píriz mahauci, wanda sunan ya riga tumbin zuwa amma daga baya tumbin ya cika alkawari, da Dogo Ferreira mai aski. Wurin zuwansu bakin kogin Río Negro ne, cikin wata gonar shanu da Don Olegario ke kula da ita. Heber na yi wa tayoyin taraktarsa faci duk shekara, shi kuma Don Olegario ya bar musu ƙofar shinge ba kwaɗo a satin. Ba wanda ya taɓa furta wannan yarjejeniya da baki.

Kogi kan sake fasalin gaɓarsa kowace damina, saboda haka duk shekara sai an sake zaɓen wurin zango, kuma zaɓen na Heber ne. Tumbi da Dogo su zauna a bayan a-kori-kura suna miƙa wa juna ƙoƙon mate, shayin ganyen mutanen ƙasar, shi kuma ya sauka yana tafiya kamar wanda ya yar da mabuɗi. Ya ɗaga kai ya duba rassan itatuwa, inda ambaliyar bara ta rataye ciyayi da leda, don ya san iya inda ruwa kan kai. Ya tona ƙasa da ƙafa ya ga ko tururuwa ta riga shi. Ya kunna taba, ba don ya sha ba, don ya ga inda hayaƙi zai bi. Sannan babban gwajin: ya kwanta rigingine, ya rufe fuska da hula, ya saurari gadon bayansa. In bayan ya ce a'a, a yi gaba. In ya ce e, kafin a sauke ko cokali sai an hura wuta a wurin.

Wutar kuwa tana da doka. Daga ranar da aka hura ta ba ta mutuwa sai ranar tafiya, kuma ba a gusar da ita daga inda aka haife ta. Ana iya matsar da tanti, ana iya matsar da tebur, Tumbi ma ana iya matsar da shi in an taru, amma ban da wuta. Mai tashin wuta, in ji su, mutumin Montevideo ne, irin masu zuwa daji da fanka.

Nélida ba ta taɓa bin su ba. Ta ce ba ta yi aure don ta kwana da kwaɗi ba, ga kuma ƙugu da ya fara yi mata gardama. Da 'yan matan na gida abin bai dami kowa ba. Bayan sun tafi ne wata shekara Heber ya dawo da warin hayaƙi a jiki da tarwaɗa a buhu, ya tsaya a ƙofa ya ji Nélida tana musu da mai karanta labarai a rediyo, tana faɗa masa magana tana jiran ya ba ta amsa. Ya shiga ya ajiye buhun. Amma tun ranar abin ya tsaya masa a rai: sai tsohuwarsa ta zo kogin nan, ta kuma zauna har satin ya ƙare.

Da ya tayar da maganar, ta ajiye almakashi ta jero masa: gado na gaske, ƙofa mai sakata, da daɓen da in an ajiye ƙwai zai tsaya.

"In na rasa ɗaya, tsoho, na dawo gida, kuma kada bakinka ya sake ɗauko min zancen kogi har mu mutu."

Sai ya samo gangar jikin wata matacciyar motar madara, ya sa mata tayoyi da ƙarfen da za a riƙa jan ta da shi, ya yanka mata taga. Duk Lahadin shekarar a cikinta suka ƙare. Ya shimfiɗa tayil, ya kafa murhun ƙarfe, ya shigar da gadon da Nélida ta gada wurin uwarta, gadon da sai an kira maƙwabta ake ɗaga shi. Hoton saniyar da ke jikin motar ya ƙi ɓoyuwa duk fentin da ya shafa. 'Yan unguwa suka raɗa wa ɗakin mai taya suna Firji, Tumbi kuma yakan leƙo ya tambaya ko a ciki za a ajiye Doña Nélida don kada ta yi tsami.

Ranar tafiya ta ƙara nata: tukwane, buhun fulawa, da keken ɗinki saboda ko da wani abu. A-kori-kurar Tumbi ta ja Firji tana nishi har gonar.

Da shigarsu ƙofar shinge akwai wani tudu mai tsakuwa da bishiyoyin turare, daga kansa ana hango kogin gaba ɗaya. Nélida ta ce ai nan ya yi. Mazan suka kalli juna. Heber ya bayyana mata a hankali cewa ba a kafa zango a inda mutum ba zai tofa yawu ya faɗa kogi ba. Ya sauka gangare, ya duba rassa, ya duba tururuwa, ya kunna taba. Ƙarƙashin wasu itatuwa masu zubo da ganye har ruwa ya samu rairayi mai laushi kamar fulawa, irin wanda bai taɓa dacewa da shi ba. Ya kwanta. Bayansa ko shawara bai tsaya yi ba. Aka hura wuta, aka turo Firji da baya har kusa da ita.

Mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa yana faɗa wa direbobi cewa kaya sun yi wa taya yawa, ranar bai kawo komai a ransa ba. Tun yana saurayi abu ɗaya ya sani, ƙasa mai laushi ita ce ƙasa mai kyau. Bayansa ya tambaya, alhali ba bayansa ne zai ɗauki gadon surukarsa ba.

Kafin naman yamma ya gasu tayar ɓangaren kogi ta nutse rabi. Heber ya cusa mata katako ya ce rairayi ne ke zama. Da gari ya waye katakon ma ya zauna. Firji ta karkace kamar hular ɗan gaye. Nélida ta kwana manne da bango, keken ɗinki ya gangaro ya tokare ƙofa, sai da Tumbi ya sa kafaɗa sannan aka fito da ita. Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi tayar wa Heber hankali ke nan. Ƙwai ta ɗauko ta ajiye a daɓe. Kowa ya ga inda ya bi. Ta koma ciki ta haɗa jakarta.

Da hantsi Don Olegario ya iso kan doki, ya zagaya Firji, ya tambaya ko sabon salon kamun kifi ne. Ya ce da tsakar rana zai shiga gari sayen maganin shanu, Nélida ta ce ya ajiye mata wuri a gaban mota. Heber ya roƙe shi tarakta. Aka ɗaura sarƙa aka ja, rairayi ya saki Firji da ƙyar, kuma duk faɗin gaɓar nan babu inda ta yarda ta tsaya sai can kan tudun tsakuwa, daidai inda Nélida ta nuna jiya. Ba wanda ya ambaci wannan. Heber ya ɗauko ƙwai da kansa ya ajiye a daɓe. Ƙwai ya tsaya.

Ya juyo da fara'ar wanda ya gama aiki, sai ya ga Nélida zaune kan jakarta, ba ta buɗe ta ba. Daga tudun tantunan sun zama 'yan ƙanana, hayaƙi na tashi siriri can ƙasa.

"Ɗaki ya gyaru, tsoho," ta ce. "To sai me? In zauna nan ni da saniyar jikin bango, ina hango hayaƙinku, ina jiyo dariyar Tumbi daga nesa? Ƙuguna ba zai yi ta hawa da sauka a gangaren nan ba. Zaman kaɗaici ai ina da shi a gida, har da rediyo."

Heber ya juya ya gangara. Tumbi na juya haƙarƙari a kan wayar gashi lokacin da ya ga Heber ya ɗauki shebur, ya zaci ramin bayan gida zai gyara. Da shebur ya shiga ƙarƙashin garwashi sai Tumbi ya tare shi da cokali mai yatsu.

"Kai, mai faci, me kake yi? Ciwon bayan ne ya hau kai?"

"Ɗauke namanka."

"Wutar nan a nan aka haife ta. Kai ka kafa dokar. Kai ka hana ni gusar da ita shekarar da hayaƙi ya kusa makantar da ni."

"Na sani. Ɗauke namanka, Tumbi."

Tumbi ya ce to gobe kuma sai a kawo fanka da labule mai furanni. Ya kira Dogo ya zama shaida. Dogo ya ce shi aski ya sani, shari'a ba fanninsa ba ce, amma ya ɗauki murfin tukunya ya bi Heber yana kare masa iska. Haka suka hau, tsofaffi biyu a sunkuye kan shebur guda, garwashi na zubewa a hanya, Dogo na taka wanda ya faɗi kada ciyawar Don Olegario ta kama. Gashin hannun Heber ya babbake. Abin da ya isa tudu bai fi cikin tafi ba, shi ma toka ta fara rufe shi.

Ya zube shi gaban ƙofar Firji, ya durƙusa yana hurawa, ba abin da ya tashi sai toka a girarsa. Nélida ta dube shi jim kaɗan, sannan ta tashi daga kan jakar, ta tsinto busasshen ɓawon itacen turare ta jefa. Nan take wuta ta kama. Itacen turare kuwa shi ne abin da mutanen nan uku suka rantse ba zai taɓa kusantar namansu ba, wai yana sa masa warin maganin tari. Heber ya shiga jera itace a kai.

Da tsakar rana motar Don Olegario ta tsaya a ƙofar shinge ta yi oda. Nélida ta ɗauki sandarta ta nufe ta. Heber bai ɗago ba, ya ci gaba da jera itace, jakar kawai yake kallo ta gefen ido. Jakar na nan inda take. Daga can ya jiyo muryarta tana ce wa Don Olegario ya sayo mata kitse, hadari na haɗuwa, kuma ita ba ta taɓa ganin gidan da ruwa ya sauka ba a soya fanke ba, ba za ta fara gani a daji ba.

Tumbi ya tsaya kan ragowar wutar ƙasa don kare gaskiya, har yayyafi ya fara, ƙamshin fanke ya gangaro masa. Sai ga shi da wayar gashi a ka, yana haki, yana cewa ya zo ne kawai ya ga irin lalacewar da idonsa.

Nélida ta cika satin. Kogin bai wani burge ta ba, ta ce ruwa ne, ta taɓa gani. Amma ta cinye su a karta, ta kuma gano Dogo ya daɗe yana ɓoye kati a ƙarƙashin cinya, abin da abokansa ba su lura da shi ba tun suna samari.

Yanzu zangonsu a tudu yake. Su sauka kamun kifi, su hau cin abinci, Tumbi na tsine wa gangaren a kowace hawa. Heber har yau yana kwanciya rigingine da hula a fuska, sai dai kan tsakuwa, bayansa na cewa a'a ba mai sauraronsa. Nélida ce ke bi tana caka sandarta a ƙasa, inda sandar ta ƙi shiga nan Firji za ta tsaya.

Wani lokaci Tumbi kan zo shagon ya ba masu jiran faci labarin ranar da Heber Techera ya zama mutumin Montevideo. Heber, daga kan bahonsa, ba tare da ya ɗago ba, sai ya ce wutar dai ba ta mutu ba, kuma rabin dokar ke nan. Sannan ya ciro tif ɗin ya nuna wa mai mota inda yake kumfa.