Takardar da ke Cikin Tukunyar Iya

Na zauna a Kumasi, na zauna a Khartum, na ji yadda kowace al'umma ke isar da labari mai nauyi. Ban ga inda ake tsoron tambaya kamar gidanmu na Ba'awa ba.

Mu biyu ne a sashenmu, ni da kakata Iya. Ɗanta na fari, Kawu Sule, ya tafi haƙar kuza wajen Riruwai. Shekarar da aka sa ni elementare a Ƙiru, wani direba ya sauke wata takarda daga can a Kwanar Dangora, aka kawo mata. Da Turanci aka buga ta. Iya ta naɗe ta cikin tsumma ta jefa a tukunyar da take ajiye daddawa.

Kai ta wurin malaminmu abu ne mai sauƙi, amma Kawu ɗan fari ne. Ko sunansa Iya ba ta faɗa, balle ta tsaya gaban baƙo tana neman labarinsa.

Da magariba ta wuce sai mu zauna bakin murhu tana gasa mini gyaɗa.

"Maigida, ga tawa nan tafe. Kai me ka samo a bokon?"

Haka muka yi ciniki: ita tatsuniya, ni kalma ɗaya daga takardar. Duk bayan 'yan kwanaki sai in kwafi kalma a allona, in tambayi malam kamar a littafi na gan ta. Na samo "ɗa", na samo "rami", na samo "ruwan sama". Na san sunan kyanwa da tebur da Turanci, amma ƙananan kalmomin da ke ɗaure zancen sun fi ƙarfina.

"Wata uku, kalma tara," in ji ta. "Wannan miji nawa, da noma ne da mun kwana da yunwa."

Tatsuniyar da ta fi maimaitawa ta wata mata ce da ɗan maraƙinta ya ɓata. Kullum wani tsuntsu sai ya sauka kan danga ya yi ta magana, ita kuwa ba ta jin harshen tsuntsaye. Ta yi ta ba shi gero, yana koya mata kalma ɗaya kowace damina. Ranar da ya rage saura kalma ɗaya ta gane labarin maraƙin nata, sai ta ɗauki tsintsiya ta kore shi.

"Don me, Iya?"

"Geronta ne ya ƙare. Ci gyaɗarka."

Wata Laraba na kai wa malam wata doguwar kalma. Ya dube ni ya ce, "Ma'anarta an binne. A wane littafi ka gani?" Na ce na manta.

Da yamma Iya ta tambaye ni. Na ce malam bai zo ba. Ta daɗe tana juya gyaɗa har ta ƙone, sannan ta ce, "To, Allah ya kawo shi lafiya." Ba ta sake neman kalma a wurina ba. Ba a yi zaman makoki ba, ba a yi sadakar uku ba, don babu wanda ya faɗa da baki.

Daga baya na yi tafinta a harsuna huɗu, na faɗa wa mutane da yawa abin da ba sa son ji. Na daɗe ina zaton ni na ɓoye wa Iya. Sai da na tsufa na lura cewa matar nan ta tatsuniya ba geronta ne ya ƙare ba. Takardar tana wurina har yau, tana warin daddawa.