Amsar da Sambo bai ji ba

Bana shekara ashirin da takwas ke nan da rasuwar Sambo, mai gyaran rediyo a bakin kasuwar Gwandu. Taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, shi ya sa tun muna yara nake kiran sa bawana, shi kuma da muka girma yake kira na ɓarawon manoma. Ni dillalin albasa ne a Kalgo, kuma ban taɓa jin kunyar sana'ata ba. Abin da na yi wa Sambo ne nake jin kunyarsa.

Tun muna jihar Sakkwato ya harhaɗa wata na'ura daga tarkacen rediyoyin da masu su suka haƙura da su. Da batirin mota take aiki. Sau ɗaya tak ya gwada ta, ya yi sallama, wani manomi a Malisa ya ji muryarsa cikin rediyonsa, ya zo har kasuwa yana rantsuwa. Burin Sambo bai da yawa: cigiyar shanun da suka ɓata, sanarwar rasuwa, gargaɗi idan ruwa ya taso, sai kuma yadda ake sayar da albasa a manyan kasuwanni, don manomin Dodoru ya san darajar abin da ya noma kafin irina su iso.

Daga wannan gwaji ya kashe ta, ya lulluɓe da buhu. Ya ce iska ta hukuma ce, ba zai ƙara shiga ba sai da lasisi da zangon da aka yanka masa. Ya kai takarda Sakkwato, aka ce ya dawo. Aka ƙirƙiro Kebbi, aka ce fayil ɗinsa na sabuwar jiha ne. A Birnin Kebbi aka ce maganar ta tarayya ce. Da aka fara jin cewa gwamnati za ta bai wa masu zaman kansu izinin buɗe tasha, sai ya damƙa mini takardunsa, tunda ni nake bin motar albasa zuwa Legas.

Na kai. A zuwana na uku wani tsohon akawu, mutumin Yawuri, ya ja ni bayan ofis. Ya ce, "Alhaji, daina wahalar da kanka. Babu gurbin irin wannan tasha a dokar. Lasisin na manyan kamfanoni ne. Ba za a ba shi ba, kuma ba wanda zai rubuta cewa an hana shi, don wanda ya sa hannu shi za a tambaya."

Da na dawo na tarar Sambo ya riga ni zuwa rumfata a Kalgo, ya jingine babur ɗinsa.

"Ɓarawon manoma, mi suka ce?"

"Sun ce saura kaɗan, bawana."

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa kare shi na yi. Zamanin soja ne, kuma na san halinsa: ranar da ya tabbatar babu lasisi, ranar zai yaye buhun ya kunna, a zo a tafi da shi. Wannan gaskiya ne. Amma akwai ta biyu. Muddin yana jira, na'urar tana kashe, manomi kuma ba ya jin farashi sai daga bakina. Na auna duka biyun a cikin motar dawowa, kuma na san wadda ta fi nauyi.

Shekara huɗu ina kawo masa wannan amsa. Ya sayi doguwar sandar ƙarfe ta eriya, ya rubuta tsarin shirye-shirye, ya nemi mai karanta sanarwa da Fulatanci saboda makiyaya. Duk wanda ya tambaye shi a kasuwa, sai ya ce saura kaɗan. Har 'yan kasuwa suka laƙaba masa, suna kiran sa Sambo Saura-Kaɗan, ana dariya. Ni ma na yi dariyar. Da ciwon ƙirji ya kwantar da shi na je duba shi, ya kama hannuna ya ce in sun aiko da lasisin bayan ransa a rubuta shi da sunan 'yarsa Hajo. Na ce to.

Yau manomi yana tsaye cikin fadama zai buga waya ya ji farashin Legas, kuma ban mutu da yunwa ba. Ashe abin da na tsare bai kai a tsare shi ba. Tashoshi sun yi yawa. Amma kwanan baya wasu matasa daga Gwandu suka nuna mini takardar neman tashar al'umma, suka ce an gaya musu ana dubawa. Ba su san wa ke gabansu a layi ba, ba su san wa aka bai wa wane zango ba, ko don me. Da Sambo na nan, na san ba zai zagi kowa ba. Tambaya ɗaya zai yi: akwai ranar amsa? Abin da zan gaya wa masu ofisoshin nan, a matsayin wanda ya yi irin aikinsu a kan ɗan'uwansa, shi ne: jinkirin da ba a faɗin dalilinsa, akwai mai cin moriyarsa. In za ku hana, ku rubuta kun hana, mutum ya san inda zai nufa da sauran kwanakinsa.

Me ya rage na Sambo? Na'urar ta tafi wurin masu gwangwan a rabon gado. Rediyoyin da ya gyara sun daɗe da mutuwa. Sunan ne ya zauna. Har yau in ka shiga unguwarsu ka nemi gidan Saura-Kaɗan, za a nuna maka, kuma jikokinsa suna amsawa, suna zaton wata raha ce ta kakansu. Hajo tana karanta jaridar nan. Sunan da ake kiran gidanku da shi, Hajo, daga bakina ya fito, kuma ƙarya ce.