Sada Mai Turare da Randar Iya Azumi

Kawu Sada, yayan mahaifiyata, mai sayar da turare ne a Kurfi, kuma ban taɓa ganin ɗan Adam mai ƙyanƙyami irinsa ba. Mutane suna cewa tsafta ce. Ni da na tashi a gidansa na san ba tsafta ba ce, ƙyamar mutane ce kawai ya yi mata wanka ya shafa mata miski. In ka ba shi hannu zai karɓa da kan yatsu, kana juya baya ya jawo buta. Moɗarsa daban, tabarmarsa daban, in ƙuda ya sauka a bakin ƙwaryar fura, to furar nan ta zama ta awaki. Matarsa Turai ta yi shekara da shekaru tana tuƙa tuwo yana tsaye a kanta yana duban faratanta. Ranar da ta rasu, matan unguwa da suka zo gaisuwa sun yi ta cewa ta huta, kuma kowa ya san abin da suke nufi.

Ba zan hana shi haƙƙinsa ba. A sana'a ba shi da algus. Hawinsa hawi ne, kajijinsa kajiji ne, jawul ɗinsa ba ya gauraya shi da ƙaro. Yana ɗaura akwatin kwalabensa a bayan keke yana bin kasuwanni, daga Kurfi zuwa Dutsin-Ma har ƙauyukan da ke tsakani, farar rigarsa tas kamar ba a kan turɓaya yake tafiya ba. Bayan rasuwar Turai sai ya daina cin girkin kowa. Ya koma cin abin da ya ce Allah ya rufe da ɓawo: gyaɗa, dafaffen ƙwai da shi ya dafa da kansa, rogo, goro. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

A kasuwar Dutsin-Ma ya ga Ramlatu. Bazawara ce da mijinta ya rasu, ta zo sayen kayan haɗa humra. Da ta miƙo hannu ta ɗauki kajiji, sai ya ga farata a yanke, lalle ya kama ja wur, babu ko ɗigon datti. Daga hannun nan ya kamu. Kada a ɗauka wasa ne, son gaske ya yi mata. A lokacin ne kaɗai na taɓa jin Kawu Sada yana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa yana goge kwalabe. Ita ma ba ta ƙi ba. Ta ce ya zo yayanta Malam Ahmadu ya gan shi, in ya amince shi ke nan.

Da bazara ya tafi Dutsin-Ma, garin su Ramlatu, bayan an sami mulkin kai da kaɗan. Ya tarar Malam Ahmadu ya je Kutawa zaman makoki, sai an yi addu'a zai dawo. Komawa Kurfi zai nuna kamar maganar ba ta dame shi ba, don haka dole ya nemi wurin da zai 'yan kwana.

Muna da dangi a Dutsin-Ma, amma a gidan dangi akushi ɗaya ake zagaye, hannu ya shiga hannu ya fita, wani ya lashe yatsa ya mayar. Wannan ko a mafarki. Sai wani ya nuna masa wani otal na kwano da aka buɗe kusa da tasha, inda direbobi da 'yan kamasho suke sauka. Ya shiga ya duba. Ya ɗaga zanen gado ya ga katifar ciyawa da taswirar zufar mutanen da bai sani ba. A jikin bango akwai layin jinin kuɗin cizo inda wasu suka murtsuke su da yatsa, ga tofin goro ya bushe a kusurwa. Matashin kai ya yi baƙi da man gashi, yana ƙyalli. Buta ɗaya ce a bakin shadda, kowa ita yake ɗauka. Kawu ya fito yana toshe hanci da hannun riga. A nan kam ban ga laifinsa ba, ni ma da zan fito.

Sai dabara ta zo masa. Ya ce zai kama ɗaki haya na 'yan kwanaki, ɗaki wofi, ya share da kansa, ya shimfiɗa tabarmarsa, ya ajiye butarsa, ya ja ƙofarsa. A tunaninsa ɗan haya ba baƙo ba ne, babu wanda zai ɗora masa karamci, babu akushin da zai biyo shi. Ya sami ɗaki a shigifar gidan wata tsohuwa, Iya Azumi, wadda danga ɗaya ce ta raba gidanta da gidan su Ramlatu. Ya ji daɗi ƙwarai, ga ɗaki ga kusanci. Ya share, ya yayyafa ruwa, ya kunna turaren wuta. A kusurwar ɗakin akwai wata tsohuwar randa da aka binne rabinta a ƙasa, babu komai a ciki, an rufe ta da kasko.

To Iya Azumi dai, in za a faɗi gaskiya, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Tsohuwa ce mai cin taba, haƙoranta sun rine, faratanta sun yi baƙi da dauɗa, ga alli da gumin mazari, don yini take a zaure tana kaɗi. Tana fyace majina ta goge a gefen zane ta ci gaba da zarenta. Kawu ya gan ta tana haka tun ranar da ya sauka, ya kau da kai.

Bai gama zama ba sai ga ta da langa a hannu, an rufe da faifai.

"Ga abinci, Malam."

"Iya, ai da ba ki wahal da kanki ba. Ni haya na kama."

"Haya ta ɗaki ce. Ci abinka."

Abin da kowa ya sani a ƙasarmu, har wanda bai taɓa zawarci ba, shi ne bazawara ba ta aika abinci da sunanta. In mai nemanta ya sauka a gari, za ta yi girki da hannunta ta miƙa ta kan danga, wata dattijuwa ta kai masa, babu mai cewa uffan. Faifan da aka rufe da shi ne yake magana. Sabo ne, mai ado, ja da kore da ɗorawa, irin wanda mace take ɓoyewa a ƙasan adaka. Wace tsohuwa ce za ta rufe wa ɗan haya tuwo da irin wannan? In langa ta dawo wayam, an karɓi mai girkin ke nan. Ramlatu ce take tashi tun da sassafe tana daka, tana tankaɗe, tana sa a yanka kajin da ta yi kiwo da hannunta. Kawu bai taɓa kallon faifan ba. Idonsa yana kan babban yatsan Iya Azumi da ke riƙe da bakin langar.

Ya rasa yadda zai yi. Mayar da abinci cin fuska ne, kuma maganar za ta tsallaka danga ta kai kunnen Ramlatu a ce masa mai girman kai. Fita da shi ya ba masu dako a tasha, waɗanda da sun yi masa addu'a har Kurfi, shi ma bai yiwu ba, don tsohuwa tana zaune a zaure kamar an dasa ta. Sai ya ɗaga kaskon nan ya juye langar a randa, ya mayar ya rufe. Ya wanke hannu ya ɓare gyaɗarsa.

Haka aka yi ta yi, rana da yamma. Tuwon shinkafa da miyar taushe, wanda a lokacin sai da salla ake ganinsa, ya shiga randa. Dambu ya bi shi. Waina da miyar kaza ta bi, fura mai nono da zuma ta sauka a kansu. Ni abin da yake tayar mini da zuciya har yau ba warin ba ne. Shekarar ba a yi damina mai kyau ba, akwai gidajen da ake dafa tafasa da dusa a kwana a kai, shi kuwa yana zuba hatsi a rami yana jin shi ne mai tsarki a garin. A ɗaya gefen dangar kuma Ramlatu tana karɓar langa a wanke tana murmushi, tana ƙara mai a girkin gobe, tana ce wa Iya Azumi ashe mutumin da aka ce ba ya cin girkin kowa yana cin nata.

Bazara kuwa ba ta rufa wa kowa asiri. Ɗakin ya fara tsami, daga tsami ya koma ɗoyi. Kawu ya yi abin da ya iya: ya ƙara garwashi, ya zuba hawi, ya zuba jawul, ya yayyafa miski a bakin kasko. Duk wanda ya taɓa jin ƙamshi ya haɗu da ruɓa ya san gara ruɓar ita kaɗai. Koren ƙudaje suka fara zarya ta ƙarƙashin ƙofa.

Ana haka Malam Ahmadu ya dawo. Da hantsi ya ɗauko wasu dattawan unguwa suka zo gaishe da baƙo a masaukinsa, yadda ake yi. Suka yi sallama suka zauna a tabarma. Aka fara gaisuwa, amma kowa yana gajarta amsa don kada ya ja numfashi. Wani tsoho ya kai bakin rawaninsa hanci kamar yana gyara shi. Malam Ahmadu ya daure iya dauriya, sannan ya ɗaga murya.

"Iya, wani abu ya mutu a ɗakin ga naki."

Iya Azumi ta shigo tana salati. "Gahiya ce, Malam, ba ta wuce gahiya ba. Ku ɗan ɗaga in duba."

Kawu ya miƙe ya tare kusurwa. "A bar shi, Iya, ni zan duba da kaina in sun tahi."

"Kai baƙo ne, ina kai ina ɗaukar mushe?"

Ta ture shi da gwiwar hannu ta ɗaga kasko. Ƙudaje suka taso buu. Abin da ke ciki ya kumbura ya yi kumfa, fari da kore, tsutsotsi suna ninƙaya a kai suna hawa bakin randa. Cinyar kaza tana tsaye a tsakiya, ba a ko gatsa ta ba. Dattawa suka yi waje suna tofar da yawu, ɗaya bai kai zaure ba ya amayar da kunun safe.

Hayaniyar ce ta jawo Ramlatu bakin danga. Iya Azumi ta gaya mata abin da ta gani, ba ƙari ba ragi, ta ce duk girkin da take miƙowa ga shi can a randa. A nan ne Kawu ya gane wadda take girkin. Da ya yi shiru, wataƙila da an ce rashin lafiya ce ta hana shi ci. Amma sai ya matsa kusa da danga ya buɗe baki don ya wanke kansa.

"Wallahi Ramlatu ban san naki ba ne. Da na sani da na cinye har in suɗe. Na ɗauka girkin tsohuwar ga ne, kin ga hannunta hwa."

Iya Azumi tana tsaye a wurin. Ta dubi hannayenta, ta ɓoye su a cikin zane.

Ramlatu ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malam Sada, uwata ta rasu ina goye. Hannun ga da kake magana shi ya dama mani kunu, shi ya gutsuro mani tuwo ya sa mani a baki. Jikin da ka gani ka ce kana so, da shi aka gina shi. Ni ma zan tsuhwa, hannuna zai koma haka. Iya, miƙo mani hwaihwaina."

Aka miƙa mata faifanta ta kan danga, ta shige ciki.

Malam Ahmadu bai zage shi ba. Ya ce kawai randa a binne take, ba ta ɗaukuwa, kuma ba za a sa tsohuwa wannan aikin ba, abin da hannunsa ya zuba hannunsa ya kwashe. Aka ba shi sakaina da tsohon bokiti. Mutumin da yake wanke hannu in an gaisa da shi ya naɗe farar riga, ya zura hannu har kafaɗa a cikin randa, yana kwasa yana kaiwa juji, unguwa tana kallo. Na auri ɗan unguwar daga baya, kuma na tarar har lokacin babu wanda ya yarda ya sake kama ɗakin.

Da kaka Ramlatu ta auri wani manomi daga Shema, mutum mai kaushin ƙafa wanda aka ce yana suɗe akushi har ya yi ƙara. Kawu ya koma Kurfi da kwalabensa. Bai daina sana'a ba, amma ya daina zuwa kasuwar Dutsin-Ma, kuma ban sake jin waƙar nan a bakinsa ba. Ya nemi wasu zawarawa daga baya, sai dai labarin randa yakan riga shi isa.

Da tsufa ya kama shi, ido ya yi rauni, hannu ya fara karkarwa har ba ya iya ɓare gyaɗa, ni na koma ina yi masa girki. Nakan tsaya a kansa sai ya cinye a gabana, kuma na sa an fitar da duk wata tukunya mai murfi daga ɗakinsa. Wata rana na ajiye masa kwano, sai ya lalubo abin da na rufe da shi yana shafawa a hankali da yatsu, ya tambaye ni ko faifai ne mai ado.

Na ce masa a'a, Kawu, murfin tukunya ne.