Bashari da Marubucin da Ake Kira Hansai

Duk wanda ya yi aiki a ofishin jakadancin Najeriya da ke Riyadh a shekarun da suka biyo bayan yaƙin Kuwait ya san Bashari Lawal Tsafe, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne siririn mutumin nan mai tabarau da ke zaune a ƙaramin ɗaki kusa da matakala, yana aika saƙonnin teles, wato rubutaccen saƙo ta na'urar waya, zuwa gida yana karɓar amsa. Ba shi da yawan magana, ba ya kallon ƙwallo, ba ya sa baki a gardamar siyasar da ake yi wajen shan shayi. Larabawan ofis suna ce masa Abu Rayyan, da sunan ɗansa na fari. Yana zaune a unguwar Suwaidi, a hawa na biyu na wani gida mai ruwan ƙasa, shi da matarsa Mubaraka da yaransu biyu. Abu guda ne kawai yake sa shi ɗaga murya, kuma ba kowa ya san da shi ba.

Bayan yaƙin, da Turawa da yawa suka tattara suka koma ƙasashensu, kayansu suka cika kasuwar gwanjo. A nan Bashari ya je neman fanka, ya dawo da wani ƙaton littafin Turanci mai hoton raƙuma a bango. Ya zaci labari ne. Da ya karanta sai ya gane littafin wasa ne, wasan da ake yi da baki a kewaye da tebur. Mutum ɗaya yana riƙe littafin ya zama mai ba da labari, sauran kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin: wannan falke, wancan mayaƙi, wancan mai magani. Idan wani ya ce zai tsallaka kogi ko zai yaudari mai gadin ƙofar birni, sai a jefa ƙwaya irin ta lido, ita za ta nuna ya dace ko ya faɗi. Sunan wasan da Turanci dogo ne, shi da abokan wasansa dai suka laƙaba masa Ayari.

Ya ja mutum biyu ciki. Ɗaya Ma'u ne, na sashen biza, mutumin Gumel mai son dariya. Ɗayan kuma Zaid, ɗalibin fiƙihu daga Maraɗi, wanda ya ce shi kam ba zai taɓa ƙwayar lido ba don kayan caca ce. Sai suka rubuta lambobi a jikin ƙwallon dabino, suka zuba a kofi, kowa ya sa hannu ya zaro. Duk Alhamis bayan la'asar suna ɗakin baƙi na Bashari har a kira magariba. Mubaraka takan ajiye shayi a bakin ƙofa ta ƙwanƙwasa ta koma ciki. Bangon da ya raba ɗakin da kicin ba shi da kauri.

Bashari ba wasan kaɗai yake so ba. Yana son mutumin da ya rubuta shi, wani tsohon Baturen Ingila mai suna Fenwik. Akwai mujallar da kamfanin da ke buga wasan yake fitarwa, wani abokinsa na ofishin Landan yana aiko masa, a nan ya san garin su Fenwik, da irin lofen da yake sha, da sunan karensa. Yakan ce, "Fenwik ya ce," kamar yadda Zaid ke ambaton malamansa.

A farkon 1996 mujallar ta zo da labarin da ya hana Bashari cin abincin rana. Fenwik ya yi ritaya. Za a fitar da sabon bugu, kuma wasu sababbin marubuta uku ne suka rubuta shi. Bashari ya ce an gama da wasan, an miƙa shi hannun yara. Duk da haka ya sa aka sayo masa.

Biyu daga cikin marubutan an buga hotunansu, samari ne masu dogon gashi. Na ukun babu hoto, babu tarihi, suna kawai: M. Hansai. Shi ya rubuta babin Ƙasar Rairayi. A tsohon bugu hamada ba komai ba ce sai aljanu da ɓarayi da fitilar tsafi. A wannan kuwa akwai rijiyoyi masu sunaye, da fataken gishiri, da matan da ke riƙe da makullin rumbu idan maza sun yi tafiya. Wanda ya zare takobi a bakin rijiya, duk ƙasar za ta hana shi ruwa. Akwai kuma wata doka da ta sa Bashari ya cire tabarau ya goge ya mayar: idan mutanenka suka haɗu da wata ƙabila da ke wasa da tasu, kamar taubasai, za su iya zagin juna son ransu, amma faɗa ya haramta, kuma dole a ba su masauki.

"Wannan mutumin ya zauna da mu," in ji shi.

Ba shi kaɗai abin ya dama ba. Shafin wasiƙun mujallar ya cika da tambayar wane ne Hansai. Wani daga Kanada ya rantse farfesa ne ɗan Japan. Wani ya ce Fenwik ne da kansa ya sake suna. Ma'u ya bi bayan Japan, don sunan ya yi masa kama da na mota. Zaid ya ce yana da gwaggo a Maraɗi mai suna Hansai, wataƙila ita ce, suka yi ta dariya har Ma'u ya ƙware da shayi. Bashari kuwa ya tsaya a kan cewa Bajamushe ne, dattijo mai furfura da ya yi shekaru cikin Buzaye a Agadas. Har kamanninsa yake kwatantawa.

A gida ba shi da wata hira sai ta Hansai. Wata rana ya yabe shi, ya ce ya fi Fenwik zurfi, Allah ya yafe masa faɗin haka. Wata rana kuma ya zage shi tas, ya ce dokar ƙishirwa da ya kawo shirme ce, da gani mutumin bai taɓa jan wasa a gaban mutane ba. Mubaraka takan ce "To," ta ƙara masa miya. Ita ta karanta Turanci a Zariya, ta koyar a wata makarantar 'yan mata kafin a turo shi Riyadh. A nan iƙamarta, wato takardar izinin zama, ba ta ba ta damar aiki ba. Yakan ji ƙarar tsohuwar tafiretarsa idan ya dawo da wuri, ya ɗauka darasin Rayyan take bugawa, don yaron ya fi jin Larabci da Turanci. Bai taɓa tambaya ba.

Wata Litinin ciwon haƙori ya koro shi gida kafin azahar. Mubaraka tana yi wa ƙaramar 'yarsu wanka, wayar falo ta yi ƙara, ya ɗauka. Muryar wata Baturiya ce daga nesa, tana katsewa tana dawowa. Ta ba da haƙuri, ta ce Dokta Shakir na Manchester ne ya ba ta lambar saboda abin na gaggawa ne. Shakir yayan Mubaraka ne. Bashari ya zaci rasuwa aka yi. Sai matar ta ambaci sunan kamfanin da ke buga Ayari, ta ce tana neman Misis Mubaraka, wadda suke kira Hansai. Suna so ta zo babban taron masu wasan da za a yi a watan Agusta, mutane sun dame su suna son ganin ta.

Ya ce ta maimaita. Ta maimaita. Ya ce an yi kuskuren lamba, sannan ya ce a'a, ba a yi ba, ta sake kira an jima. Ya ajiye kan wayar a gefe maimakon a mazauninsa, ya zauna a ƙasa a kan kafet. Haƙorin ma ya daina jin sa.

Haka ta fito ta same shi, hannayenta a jiƙe, yarinyar a kafaɗa. Ta dubi wayar, ta dube shi, ta sauke yarinyar ta ce ta je ɗaki.

"Maman Rayyan," in ji shi. "Wace ce Hansai?"

"Kakata ce ta wajen uwa. Inna ta Kofa da kake ji muna faɗa. Sunanta ke nan."

Bai taɓa jin sunan ba. Tsohuwar ta rasu kafin aurensu, kuma ba a kiran sunan manya a gidansu.

Ta zauna nesa da shi kaɗan ta ba shi labari, ba tare da ta ɗaga kai ba. Tun shekarar farko take jin wasansu ta bango. Idan ya tafi ofis takan ɗauki littafin ta karanta, don ba ta da abin karantawa da Turanci sai shi. Babin hamada ya ba ta haushi. Kakarta 'yar fatake ce, ta tashi tana jin labarin hanyar Bilma a bakinta, ta san ba haka abin yake ba. Da ta ga a bayan mujalla ana neman rubutu, sai ta buga shafuka ta ba wata mata da ta zo umara daga Manchester ta kai wa Shakir. Shi kuma ya aika wa kamfanin, suka buga, suka nemi ƙari, daga baya suka ba ta babi guda.

Ya tambaye ta me ya hana ta faɗa masa. Ta ce da farko ta ɗauka za a yi watsi da shi, ba ta son a yi mata dariya. Kuma ta taɓa gwadawa. Akwai ranar da ta ce masa me zai hana ya sa rijiya a labarinsu, ya ce mata wannan ba tatsuniyar mata ba ce, lissafi ne. Daga baya kuma, da ya fara yabon Bajamushen nan mai furfura, sai ta rasa ta inda za ta fara.

"Na zage ki a kan abincinki," in ji shi.

"Ka zagi dokar ƙishirwa. Kuma kana da gaskiya, ta yi tsawo. Na gaya musu su rage."

Wannan ya fi komai girgiza shi, wato ƙorafinsa na bakin tuwo ya kai Ingila bai sani ba. Kwana da kwanaki yana yawo kamar wanda ya tashi daga jinya. A ofis ya aika saƙon Legas zuwa Jidda. A gida yakan tsaya a ƙofar kicin yana kallon ta tana yanka albasa, sai ta juyo ya wuce. Ba fushi yake yi ba, ko da yake akwai ɗan ɗaci a ciki. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne fiye da shekara goma suna kwana ɗaki ɗaya, amma sai a cikin littafi ya san irin tunanin da ke kanta, kuma ko a nan ɗin wani daban ya ba wa yabon.

Da izininta ya faɗa wa abokansa ranar Alhamis. Ma'u ya buɗe baki zai yi dariya, ya ga fuskar Bashari, ya rufe. Zaid ya yi salati, ya dubi bango, ya sauke murya ya tambaya ko duk abin da suke faɗa ana ji. Da aka ƙwanƙwasa ƙofa aka ajiye shayi, su ukun suka miƙe tsaye ba tare da sun shirya ba. Ranar ba a yi wasa ba. Makon da ya biyo aka gwada, amma Bashari ya kasa jan labarin, kowace jimla sai ya ji kamar ana duba masa jarrabawa. Dole Zaid ya karɓi littafin.

Maganar tafiya ta rage, kuma tana hannunsa, don sai da sa hannunsa za a ba ta bizar fita da dawowa. Wani babba a ofis da ya ji ƙishin-ƙishin ya ja shi gefe ya ce ya yi hattara, kada a ce matar ma'aikaci tana rubuta wa Turawa wasan caca. Bashari ya ce ba caca ba ce. Washegari shi da kansa ya kai fasfo ɗinta. Shakir ya zo umara ya tafi da ita, shi kuma ya ɗauki hutu ya zauna da yara, ya ƙona shinkafa har sau biyu.

Ta dawo da mura da tarin hotuna. A ɗaya tana zaune bayan tebur da mayafinta, layin mutane ya miƙe har ƙofa, kowa da littafi a hannu. Ta ce wani ƙaton Bature ya zo gabanta ya tambaya ina farfesan yake, da aka nuna masa ita sai ya tsaya ya kasa magana. Bashari ya ce ya san yadda mutumin ya ji.

A 1998 aka mayar da shi Abuja, lokacin teles ya fara zama tsohon yayi, aka sa shi sashen ajiyar takardu. Mubaraka ta sake rubuta wa kamfanin babi biyu kafin wani babban kamfani ya saye shi ya sallami tsofaffin marubuta. Ta koma koyarwa a wata sakandare a Kubwa, inda ba wanda ya san ta da wani suna sai Malama. Bashari ya ci gaba da aiki har ya yi ritaya. Waɗanda suka san shi a wannan lokacin sun ce ya zama mutum mai yawan tambaya: direba, masinja, mai shara, duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya tambaye shi me yake yi idan ya tashi daga aiki, kuma yakan tsaya ya saurari amsar har ƙarshe.