Hujin da aka yi wa dirhamin Inna

Har yau idan na tuna da wannan huji raina ɓaci yake yi, kuma yayana ne ya jawo shi.

Ranar da 'yan bindiga suka tashe mu daga Gidan Goga, Inna ba ta fito da komai ba sai zanen jikinta da wani tsohon kuɗin azurfa ƙulle a bakin zanen. Mahaifinta ya tafi Makka a ƙasa tun tana goye, bai dawo ba. Abokin tafiyarsa ne ya kawo wannan dirhami, ya ce can gabas ya rasu, sunan garin ya kwanta masa. Da muka zauna a Talata Mafara sai ta sa ni gaba, tunda ni ke koyar da Larabci a firamare: in karanto mata garin da aka rubuta a jiki. Na gaya mata inda aka buga kuɗi daban, inda mutum ya kwanta daban. Ta ce ta ji, ita dai suna take so, ko da na hanyar da ya bi ne, ta riƙa ambata a addu'a.

Na ɗauka aikin yini ɗaya ne. Ina! Rubutun irin na dā ne, tsaye ƙyam, babu ɗigo babu wasali, ga dauɗar shekaru ta cike shi. Kalmar shahada ce kawai ta fito a tsakiya. Wani tsohon malami a Bakura ya nuna mini cewa gari da shekara a zoben gefe suke, a jiƙa da man gyaɗa, a bi da tsinke a hankali, kada a kuskura a kai masa toka. Inna ba ta yarda kuɗin ya kwana a wani gida, don haka duk Juma'a nake zuwa in zauna ƙofar ɗakinta ina bin sa da tsinke. Wata biyu na yi kafin na karanta "da sunan Allah aka buga wannan dirhami a". Kalmar gaba ce garin, dauɗarta ta fara laushi. Na ce sai mako mai zuwa.

A cikin makon ne yayana, sarkin karambani, ya ga bakin zanen ya tsufa. Mahauci ne, shi komai a rataye yake son ganinsa. Ya lallaɓi Inna ya karɓa, ya kai wa maƙeri a huda a sa zare, kada ya faɗi. Maƙerin kuma, mai tsoron Allah, ya ƙi taɓa tsakiya saboda shahada. Ya juya ya juya, ya zaɓi wurin nan baƙi na gefe, wai nan ne babu rubutu.

Da na gani, wallahi ban zame ko'ina ba sai wurin yayan nawa. Na iske shi a rumfarsa yana datsar ƙashi, na zazzage masa abin da ban taɓa faɗa wa babba ba. Ko wuƙar bai ajiye ba.

"Haba malam, ɗan hujin ga? Ai sauran rubutun na nan, ka karanta mata shi."

Abin da ya fi ci mini rai ke nan, har yau bai san abin da ya yi ba. Ni ma ban wanke kaina ba. Da na ƙara rabin awa a waccan Juma'ar, da an wuce wurin. Yunwa na ji, na tashi.

Na koma gida na tarar da Inna da dirhamin a wuya, tana murna ba zai ɓata ba. Ta tambaye ni ko yau za ta ji sunan. Sunan Bagadaza ya zo mini har baki, kuma na san da na faɗa za ta karɓa.

"Inna, sunan ne aka huda," na ce.

Ta daɗe tana shafa wurin da ɗan yatsa. Sannan ta cire zaren, ta mayar da kuɗin bakin zane ta ƙulle. Ba ta sake tambayata ba. Bayan kowace salla ina jin ta tana cewa Allah ya jiƙan babanta a duk inda yake kwance, yadda take faɗa tun kafin a haife ni.