Burtun da Ya Yi Tari

Kwanan baya ina gyaran ɗakin tsohuwarmu na ci karo da kan burtun kakana a bayan randa, fatar ta ƙeƙashe, igiyar ta rube. Na zauna ina ta dariya ni kaɗai.

Kakan nan nawa maharbi ne, kuma ban ga mai cika baki kan sanin tsuntsu kamarsa ba. Wai daga tafiya kawai yake bambance fakara da kazar dutse, tuje kuwa sawunsa ya ishe shi. Da wannan yake taƙama a majalisa, don gonarsa ba abin nunawa ba ce.

In ba ka sani ba, maharbi kan ɗaura kan burtu a goshi, ya yafa baƙin zane, ya yi rarrafe yana saran ƙasa da bakin. Namun daji sun saba da burtu, ba sa gudunsa.

Wata bazara a dajin wajen Randagi, yana cikin wannan shiga, ya hango burtu yana kiwo a sabon toho. Ya ƙare masa kallo, ya yanke cewa mace ce, wai daga yangarta. Da yake burtu bibbiyu suke yawo, ya ga in ya raɓe ta babu gadar da za ta zarge shi. Tun hantsi yake bin ta, gwiwa duk ƙaya. Ta sari ƙasa ya sara, har da yi mata gunjin namiji. Rana ta take, sai burtuwar ta yi tari, ta ce, "Malam, ko da ɗan goro a aljihunka?"

Ashe abokin farautarsa ne na ƙauyen gaba. Labari ya riga Kaka zuwa gida. Tun ranar, da ya buɗe baki kan zancen tsuntsu sai wani ya yi tari. Abin ya ci masa rai ƙwarai, har ya daina zama a majalisa.

Ranar ta'aziyyarsa abokin ya zo dogare da sanda, ya zauna idonsa jawur.

"Ni ma fa na ɗauka namijin gaske ne," in ji shi. "Sai da na ga takalminsa. Kullum ina cewa gobe zan faɗa masa."

Yanzu dajin ya fi ƙarfinmu, 'yan bindiga sun mamaye shi. In ciyawa ta motsa a hanyar gona, babu mai tsayawa ya tantance mace ce ko namiji. Kowa ta kansa yake yi.